Amsar Kawu kan gashin bratwurst da gayyatar maƙwabta a Jamus

Assalamu alaikum, ɗana. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so, saƙonka ya iso ni, na kuma karanta shi a natse. Ka ce maƙwabtanka a Erfurt sun gayyace ka gashin nama ranar Asabar a lambun bayan gida, sun ce kowa ya zo da abin da zai gasa, kana tambaya ko ya dace ka je, ko za su ji haushi idan ka ƙi cin bratwurst ɗinsu, wato niƙaƙƙen naman da ake ɗurawa cikin hanji a gasa, sannan yaya ake gasa irin wannan nama, tun da wanda ka gwada a ɗakinka ya fashe, bayansa ya ƙone, cikinsa kuma ɗanye. Na ji daɗi da ka tambaya tun kafin ranar ta zo, domin na daɗe a cikin mutanen nan, na kuma san matsayin da wannan zama yake da shi a wurinsu.

Ka je, kada ka yi wata-wata. Bajamushe ba ya saurin jawo baƙo cikin sha'anin gidansa, saboda haka ranar da ya ce maka ka zo a yi gashi tare, ya ɗauke ka maƙwabci na gaske ke nan, kuma ƙin zuwa ba tare da uzuri ba zai fi yi masa ciwo nesa ba kusa ba a kan ƙin cin abin da addininka ya hana ka. Ka faɗa masu a fili tun yanzu cewa kai Musulmi ne, ba ka cin naman alade, ba ka shan giya, kuma za ka zo da naka naman. Mutanen nan sun saba da wanda ba ya cin nama ma gaba ɗaya, kuma sun fi girmama magana ƙarara a kan kewaye-kewaye irin namu na kunya.

Ya kamata kuma ka san inda Allah ya kai ka, domin jihar Thuringia, inda Erfurt take, ita ce ɗaya daga cikin wuraren da aka fi alfahari da wannan abinci a duk faɗin Jamus. Bratwurst dai niƙaƙƙen nama ne da kitse da kayan ƙamshi da ake ɗurawa cikin hanjin dabba, amma su tarihi ne a wurinsu. A garin Arnstadt, wanda ba shi da nisa da kai, an samu takardar lissafin kuɗi ta wani gidan mata masu ibada ta shekarar 1404, inda aka rubuta kuɗin da aka kashe wajen sayen hanji domin yin bratwurst, kuma har yau suna kafa hujja da ita. Nasu dogo ne, santimita 15 zuwa 20, ana sa masa tafarnuwa da wani ganyen ƙamshi da suke kira Majoran da 'ya'yan Kümmel. Mutanen Nuremberg kuwa suna kai tarihin nasu har zuwa 1313, kuma nasu ɗan ƙarami ne, santimita 7 zuwa 9, nauyinsa bai wuce giram 25 ba, ana gasa shi a kan itacen da suke kira Buche, a jera guda uku cikin ɗan burodi. Tarayyar Turai ta kare sunayen duka biyun, ta yadda ba za a yi shi a wajen yankinsu a kira shi da sunansu ba. Idan ka nuna wa mai gayyatarka cewa ka san wannan, za ka ga fuskarsa ta saki.

Sai dai duka biyun naman alade ne ginshiƙinsu, kuma a nan ne nake so ka buɗe ido sosai wajen saye. Kada sunan da ke gaban leda ya ruɗe ka, ka juya bayanta ka karanta jerin abubuwan da aka haɗa. Duk inda ka ga Schwein, alade ne, haka ma Speck, wato kitsensa. Rind shi ne naman sa, Kalb maraƙi, Lamm rago, Pute talotalo, Hähnchen kaza. Sau da yawa za ka ga an rubuta sunan maraƙi ko na kaji da manyan haruffa, amma an haɗa da kitsen alade domin ya yi taushi. Bayan nama kuma akwai hanjin da aka ɗura shi a ciki, wanda mutane da yawa suke mantawa da shi, alhali kuwa yana iya zama na alade ko da naman na sa ne. Wanda aka rubuta wa Schafsdarm ko Saitling na tunkiya ne. Ni dai abin da na yi a tsawon zamana shi ne zuwa shagon mahaucin Baturke ko Balarabe, inda batun yanka ma ba ya damun zuciyata, kuma tun bayan yarjejeniyar 1961 da ta kawo ma'aikata daga Turkiyya, da wuya ka samu babban gari a Jamus da babu irin wannan shago. A can za ka samu bratwurst na sa, na rago da na kaza.

Akwai kuma batun wayar da ake gashin a kanta. Mutanen Thuringia da yawa sukan goga fatar kitsen alade a jikin wayar kafin su ɗora nama don kada ya manne, wasu kuma sukan yayyafa giya a kan naman yana gasuwa. Saboda haka ka sayi ɗan farantin gashi na alminiyom, wanda ake sayarwa a kowane kanti da zarar yanayi ya yi ɗumi, ka nemi a ba ka gefe ɗaya, ka kuma zo da naka abin juyawa. Idan kana da hali, ƙaramin murhun gashi naka na kanka ya fi kwanciyar rai, kuma babu wanda zai ga baƙonsa. Ka kuma tambaya kafin ka ɗebi kwaɗon dankalin Turawa da za a ajiye a tebur, domin a gidaje da yawa ana yanka Speck ƙanana a ciki.

Yanzu sai maganar gashin kanta, wadda ita ce ta ba ka wahala. Abu na farko shi ne ka tambayi mahauci ko abin da ya ba ka ɗanye ne ko an riga an turara shi a ruwan zafi. Ɗanyen yakan yi ja-ja, yana da laushi a hannu, kana iya hango ɓarɓashin nama da kitse ta cikin hanjin, kuma ba ya son ajiya, ranar da ka saya ranar za ka gasa. Wanda aka turara kuwa fari ne, ya yi tauri, ya riga ya nuna, abin da yake bukata kawai ya yi zafi har ciki ya kuma yi launi. Naka da ya fashe, alamu sun nuna ɗanye ne ka ɗora a kan wuta mai ƙarfi. Abin da yake faruwa shi ne zafi yana sa hanjin ya tsuke, a daidai lokacin da ruwan da ke cikin naman yake zama tururi yana neman hanyar fita, sai fatar ta tsage, romon da maiƙon su tsiyaye, bayan ya ƙone tun zafi bai kai tsakiya ba. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Maganin wannan ga wanda hannunsa bai saba ba shi ne ya fara da ruwa. Ka yanka albasa a tukunya, ka zuba ruwa da ɗan gishiri, ka ɗora har sai ka ga ƙananan kumfa suna tasowa daga gindin tukunyar, wato kimanin digiri 80, sannan ka rage wuta ka saka naman ya yi kamar minti 10. Kada ka yarda ruwan ya tafasa, domin tafasa tana fasa shi kamar yadda wuta take yi. Ka tsame, ka goge shi da takardar kicin ya bushe sarai, ka shafa masa ɗan mai, sannan ka kai shi kan garwashi na ɗan lokaci ya yi ja. A jihar Wisconsin ta Amurka, inda jikokin Jamusawa suke da yawa, a cikin giya da albasa suke wannan dahuwa, amma ruwan albasa yana biyan bukata. Maƙwabtanka na Thuringia za su ce maka gwani ba ya dafa bratwurst kafin ya gasa, kuma a ganina suna da gaskiya, domin wanda aka gasa tun daga ɗanye ya fi ɗanɗano, sai dai yana bukatar wanda ya iya wuta.

Iya wutar kuwa ba wani sirri ba ne, kai ma ka tashi kana ganinsa. Ka tuna yadda mai tsire yake kafa tsinkayensa a kewayen wuta, ba ya ɗora su a kan harshenta, zafin garwashi ne yake gasa naman a hankali. Haka bratwurst yake so. Ka hura gawayi ka bar shi kamar rabin sa'a, har harshen wuta ya mutu, farar toka ta lulluɓe garwashin. Ka tara garwashin a gefe ɗaya na murhun, ka bar ɗaya gefen kusan babu komai, domin ka samu wuri mai zafi da wurin da za ka janye naman idan abin ya yi yawa. Ka ɗaga tafin hannunka kimanin taƙi ɗaya a saman wayar, idan za ka iya riƙe shi daƙiƙa 5 ko 6 kafin ka janye, wutar ta yi daidai. Ka fito da naman daga firij 'yan mintuna kafin lokaci don sanyinsa ya ragu, ka jera shi, kana juya shi a kai a kai, ba ka barin gefe ɗaya ya daɗe. Ɗanyen mai matsakaicin kauri yakan ɗauki minti 12 zuwa 15. Idan maiƙo ya ɗiga wuta ta tashi, ka matsar da naman zuwa gefen da babu garwashi har ta lafa, domin hayaƙin kitsen da ya ƙone yana sa shi ɗaci, kuma ba shi da kyau ga lafiya. Ina kuma gargaɗinka da babbar murya, kada ka taɓa zuba fetur ko sifirit a kan gawayi don ya yi saurin kamawa, mutane da yawa sun ƙone ta wannan hanya.

Kada ka soke shi da cokali mai yatsu, ka yi amfani da awartakin gashi. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na bratwurst kitse ne, kuma wannan kitsen da ya narke a cikin hanji shi ne daɗin abin, idan ka huda shi ka zubar da shi a wuta sai ka ci busasshen nama. Wanda aka riga aka turara ne kawai wasu suke yi wa 'yan tsage-tsage a jiki don ado. Niƙaƙƙen nama kuma ba a cinsa da sauran ja a ciki, saboda ƙwayoyin cutar da ke bayan nama sun gauraya da shi baki ɗaya a wajen niƙa. Idan kana da ma'aunin zafi na abinci, ka soka shi ta ƙarshen naman, na sa ko rago ya kai digiri 71, na kaza ko talotalo ya kai 74. Idan babu, ka sadaukar da guda ɗaya ka yanka ka duba. Bayan ka sauke, ka bar shi ya huta minti 2 ko 3 kafin a ci.

A ɗakinka kuwa kasko ya isa. Ka zuba ruwa kaɗan wanda bai rufe naman ba, ka rufe a kan wuta marar ƙarfi har ruwan ya ƙone, sannan ka sa ɗan mai ka soya kana juyawa.

Sauran ire-iren ba duka ne suke bin wannan ƙa'ida ba. Merguez na mutanen Aljeriya da Maroko da Tunisiya siriri ne, na rago ko sa, ja wur saboda barkono, yana nuna cikin 'yan mintuna, kuma maiƙonsa yana da yawa, don haka shi ne ya fi tayar da wuta. Sucuk na Turkawa an riga an busar da shi, ana ɓare fatarsa a yanka shi fale-fale a soya ba tare da mai ba, sau da yawa a fasa ƙwai a kai. Rindswurst na Frankfurt, wanda wani mahauci ya fara yi a 1894 da naman sa zalla saboda Yahudawan garin, an fi ɗumama shi a ruwan zafi. Weißwurst na Munich ma haka ake yi masa, ba a gasa shi, kuma bisa al'ada ana cinye shi kafin sha biyun rana, amma shi akwai alade a ciki, na ambata maka ne kawai don ka gane shi idan ka gani.

Wajen ci, al'adar Thuringia ita ce a tsaga ɗan burodi a sa naman a tsakiya, kansa da gindinsa suna leƙowa waje, a shafa mastad a kai, a ci da hannu. Dattawansu ba sa son ganin an zuba masa ketchup, ko da yake a Berlin tun 1949 ake cin Currywurst da miyar tumatir da garin kori. Shawarata ita ce ka sayi naman da ya fi bukatarka, ka tafi da yajin tsiren da mahaifiyarka ta haɗa maka, ka gasa ka miƙa wa kowa ya ɗanɗana, domin ta haka ba za a ga ka ware kanka ba, za a ga kai ma ka kawo naka. Ka dai sanar da su cewa akwai ƙuliƙuli a cikin yajin, saboda a cikinsu akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓar gyaɗa, kuma abin yana iya kai mutum asibiti.

Ka isa a kan lokacin da aka faɗa maka, kada ka taɓa naman da ke kan waya sai da izinin wanda yake riƙe da awartaki, domin shi ne mai wuta a ranar. Da ƙarfe goma na dare ake rage murya saboda sauran maƙwabta, kuma kafin ka tafi ka sa hannu a kwashe kwanuka. Idan wata rana kai ma ka so ka gayyace su gashi, ka fara duba dokokin gidan hayarka, domin da yawa sun hana hura gawayi a baranda, a wuraren shaƙatawa kuma sai inda aka keɓe, sannan ba a zuba toka a kwandon shara sai ta huce sarai.

Mutanen gida duka suna gaishe ka. Allah ya ba da sa'ar karatu, ya kuma tsare mana kai. Ka rubuto mini bayan Asabar in ji yadda aka yi.

Naka, Kawu.