Malama ta sa ni gaba a kwaleji a Amurka, me doka ta ce?

Tambaya: Salamu alaikum Barista. Ina karatun nas da bizar ɗalibai a wata kwalejin shekara biyu ta gwamnati a Amurka, irin wadda suke ce wa community college. Wata malama ce ta sa ni gaba, in na yi magana sai ta kwaikwayi harshena 'yan aji su yi ta dariya, ta taɓa cewa ku 'yan Afirka gara ku tsaya a goge-goge. Yanzu ta kayar da ni a aikin asibiti alhali wata baturiya da muka yi kuskure iri ɗaya ta wuce. In ajiye kos ɗin ne ko akwai abin yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin komai dai kar ki kuskura ki ajiye kos ɗin nan cikin fushi. Sharaɗin bizar ɗalibai ta F-1 shi ne ki zama cikakkiyar ɗaliba, a matakinku kiredit 12 a semesta, in kika sauka ƙasa da haka ba tare da amincewar jami'in ɗaliban ƙasashen waje na makarantar ba to zamanki a ƙasar ne kika taɓa, ita kuwa malamar ko a jikinta.

Dokar da ta shafe ki ita ce Title VI, wani sashe na dokar 'yancin jama'a ta 1964. Ta hana duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna wariya saboda ƙabila, launin fata ko ƙasar asali, kuma kusan duk irin kwalejojin nan suna karɓa ko da ta tallafin ɗalibai ne. Ba sai kina 'yar ƙasa ba. Kwaikwayon harshe da "ku 'yan Afirka" duk suna shiga batun ƙasar asali. Amma in gaya miki gaskiya, baƙar magana sau ɗaya ko biyu ba ta cika isa ba, sai an ga abin ya yi tsanani ko ya yawaita har ya hana ki karatu kuma makaranta ta sani ta yi biris. Inda ƙarfinki yake shi ne baturiyar nan. Kuskure ɗaya, hukunci biyu, wannan shi lauya ke nema.

Don haka yau ɗin nan ki ɗauki littafi ki rubuta komai: rana, ƙarfe nawa, a wane ɗaki, me ta ce kalma da kalma, su wa ke wurin. Imel da takardun maki ki tura kwafi zuwa adireshinki na kanki don na makaranta ana iya rufe shi. Dokar FERPA ta 1974, wato dokar bayanan karatun ɗalibai, ta ba ki damar ganin fayil ɗinki kuma dole su nuna miki cikin kwana 45, ki nemi fom ɗin da ta cike a kanki na aikin asibitin. Naɗar muryarta a ɓoye kuma ki yi hankali, jihohi irin su Kalifoniya sai da yardar kowa, kar garin neman gira a rasa ido.

Sai ki kai ƙorafi a rubuce ofishin makarantar da ke kula da wariya, ki sa kalmar wariyar launin fata da ƙasar asali ƙarara, kar ki tsaya a "ba ta kyauta min ba". Ɗaukaka ƙara kan maki hanyarsa daban ce kuma wa'adinsa gajere ne, ki duba littafin ɗalibai ki yi su tare. Na san mu da kawaici, a je ofishin shugaban sashe a yi magana a baki a ce a yi haƙuri, to abin da ba a rubuce ba gobe za a ce ba a taɓa ji ba.

A waje kuma akwai OCR, ofishin kare haƙƙi na ma'aikatar ilimi ta tarayya. Kyauta ne, ta intanet, ba sai da lauya ba, amma kwana 180 gare ki daga ranar da abin ya faru. In kin fara bin hanyar makaranta kina da kwana 60 bayan sun gama. Sai dai kar ki zuba ido a kansu kaɗai, a Maris 2025 an rage ma'aikatansu sosai aka rufe ofisoshin shiyya 7 cikin 12. Jihohi da yawa na da tasu hukumar, wani lokacin ta fi sauri.

Kotu fa? Kina iya zuwa kai tsaye, amma tun hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Sandoval a 2001 sai kin nuna da gangan aka yi miki, kuma bayan wani hukunci na 2022 kotuna da dama ba sa ba da diyyar ɓacin rai a irin wannan ƙarar. Ni a ganina abin nema shi ne a sake duba makin, a canza miki malama, a goge faɗuwar daga fayil.

In kuma aka fara yi miki ramuwar gayya don kin yi ƙorafi, wannan laifi ne mai zaman kansa ko da ƙorafin farko bai yi nasara ba, shi ma ki rubuta shi da kwanan wata. Ki turo min sunan jihar da ranar da makin ya fito mu lissafa kwanakinki, sannan ki nemi lauya mai lasisin jihar ya ga takardun.