Shin garkuwar jiki tana da hannu a cutar sikizofireniya?

Tambaya: Likita, ƙanena ya shekara 3 yana shan maganin sikizofireniya, cutar da ke sa shi jin muryoyin da babu mai jin su sai shi. Na ji an ce daga garkuwar jiki take. Ko in saya masa magungunan ƙara garkuwa?

Amsa: Malama, Allah ya ba shi lafiya. Maganar da kika ji tana da tushe, amma abin da masana ke zargi shi ne garkuwar ta wuce gona da iri a cikin ƙwaƙwalwa, ba wai ta yi rauni ba.

Hujjar da na fi ba wa nauyi ta fito ne a 2016 daga masu bincike a Jami'ar Harvard ta Amurka. A lokacin balaga ƙwaƙwalwa takan rage mahaɗan jijiyoyin da ba ta bukata, kamar yadda mai lambu ke rage rassan bishiya, kuma wani sinadarin garkuwa mai suna C4 yana cikin masu sa alama a kan mahaɗan da za a cire. An gano cewa waɗanda suka gaji ƙwayar halittar da ke samar da C4A (wani nau'in C4) da yawa sun fi fuskantar haɗarin cutar, don haka ake ganin ragewar ce ke yin yawa. Wannan ya dace da abin da muke gani a asibiti, domin cutar ta fi bayyana daga ƙarshen ƙuruciya zuwa shekaru 20 da 'yan kai.

Tun a 1988 wani bincike a ƙasar Finlan ya danganta cutar da annobar murar 1957 da ta riski iyayen masu cutar mata suna ɗauke da cikinsu, sai dai bincike-binciken da suka biyo baya sun saɓa wa juna.

A fagen magani kuwa, gwajin da aka yi wa wani maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna minosaikilin a Birtaniya don rage kumburin ƙwaƙwalwa, wanda aka wallafa a 2018, bai nuna amfani ba. Saboda haka ina roƙonki kada ki kashe kuɗinki a kan magungunan ƙara garkuwa, kada kuma ya daina wanda likitansa ya rubuta masa, domin dainawa ce ta fi mayar da ciwon.

Akwai wata cuta daban, wadda aka bayyana a 2007, inda garkuwa ke far wa ƙwaƙwalwa kai tsaye, kuma tana jin magani. Takan zo farat ɗaya, sau da yawa da zazzaɓi, farfaɗiya ko ruɗewa. Idan haka ciwon ƙanenki ya fara, ki sanar da likitansa.