Mawaƙiya mai zaman kanta a Accra: ta ina za ta fara?

Ƙanwata, kin tambaya ko budurwa irinki daga unguwar Nima a Accra, wadda ke rubuta waƙoƙinta da kanta tana rera su da jita, za ta iya cin abinci da wannan sana'a ba tare da ta shiga hannun kamfani ba. Za ta iya, amma ba da wuri ba, domin gidajen rediyon Accra sun fi karkata ga kiɗan rawa, ita kuwa waƙa mai sanyi sai an zauna an saurari baitinta.

Abin da na fi jin tsoro a kanki shi ne haƙƙin mallaka. Dokar Ghana ta 2005 ta ba marubucin waƙa haƙƙinta tsawon rayuwarsa da shekara 70 bayan rasuwarsa, amma sa hannu ɗaya a sutudiyo yana iya raba ki da shi. Kafin a kunna makirufo, ku rubuta a takarda wanda ya mallaki baiti, da wanda ya mallaki kiɗa, da kason kowa. Sannan ki yi rajista da GHAMRO, wadda ke karɓar wa mawaƙa kuɗin amfani da waƙoƙinsu.

Kuɗin manhajojin sauraron waƙa irin su Audiomack da Boomplay, da Spotify da ta shigo Ghana a 2021, ba ya taka kara ya karya a farko. Wasa a gaban jama'a, irin wanda ake yi a cibiyar al'adun Faransa ta Alliance Française, ya fi kawo kuɗi. A ganina kada ki bar rera waƙa da Hausa. Ai mawaƙin Ghana King Ayisoba da kologonsa (wani irin molo) da harshensa na Frafra ya zagaya Turai.