Shin da gaske beyar yana kwashe watanni bai ci ba bai sha ba?

Malam, ka tambaya daga Samaru ko gaskiya ne beyar mai launin ƙasa, wani babban naman daji mai yawan gashi, yana kwanciya duk lokacin sanyi ba ci ba sha. Gaskiya ne. Amma sanyin Rasha da Alaska da Kanada ba irin hunturunmu na Zariya ba ne, ƙanƙara ce ke rufe abincinsa gaba ɗaya.

Kafin sanyi ya kankama, yana cin 'ya'yan itatuwa da saiwoyi da kifi ba ƙaƙƙautawa, ya tara kitse. Sai ya haƙa rami ya shige, wata 5 zuwa 7 a wurare masu tsananin sanyi. Bugun zuciyarsa yana sauka zuwa wajen 10 a minti, zafin jikinsa kuwa kaɗan yake raguwa, shi ya sa motsi kan iya tashinsa. Ba ya fitsari, ba ya kashi. Yakan fito ya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa.

Abin da ya fi ba ni mamaki, a cikin ramin macen take haihuwa, wajen Janairu ko Fabrairu, ɗan kuwa nauyinsa wajen rabin kilo ne kawai. In kitsenta ya gaza, cikin ma ba ya kamawa.