Ku Tambayi Gwaggo: Zaman Karatu a Unguwa da Hanyar Laburare

TAMBAYA: Assalamu alaikum Gwaggo. Ni matar aure ce a Funtuwa, 'ya'yana huɗu. Tun ina sakandare nake son littattafan Hausa. Yanzu mu mata shida a layinmu muna so mu riƙa haɗuwa muna karatu tare, amma biyu daga cikinmu ba su iya karatun boko sosai ba, littafi ya yi tsada, kuma duk wadda na ara wa nawa sai ya bi ruwa. Maigidana ma yana ganin zaman gulma zai koma. Ta ina za mu fara? Daga wata uwa a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya yi miki albarka da wannan niyya. Bari in fara da matan nan biyu, don na ga kamar su ne suka fi tsaya miki a rai. Kada ki kuskura ki ajiye su gefe. Mu Hausawa da kunne muka saba ɗaukar karatu. Malami a zaure yana ja da baki yana fassara, ɗalibai suna sauraro. Gidajen rediyo sun daɗe suna karanta littattafan hikaya, kuma mata da yawa da ba su taɓa riƙe littafin ba sun san labarinsa daga farko har ƙarshe. Saboda haka ku yi karatunku a bayyane: ɗaya ta karanta, biyar su saurara. Kin ga kwafi ɗaya ya ishe ku ke nan, rabin matsalar kuɗi ta kau.

A shekarun da na yi ina koyarwa ina kuma riƙe da mabuɗin ɗakin littattafan makarantarmu, na sha ganin yarinyar da ba ta iya haɗa baƙi ba ta fi kowa kama zaren labari. Idan aka tsaya, ita za ta ce ai tun shafin baya na san kishiyar nan ba za ta bar maganar ba. Irin wannan takan zauna kusa da mai karantawa tana bin layi da ido, wata rana sai ki ji ta ce a ba ta ta gwada sakin layi ɗaya. Idan ranar ta zo, kada wadda ta yi dariya, kada kuma a yi saurin gyara mata kafin ta yi ƙoƙarinta.

Ki fara da littafi mai gajerun labarai da za a gama a zama ɗaya. Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya dace da haka: juzu'i uku ne, labari bayan labari, Hausarsa kuma tana da daɗin ji a baki. Ruwan Bagaja ma nasa ne, yana cikin littattafai biyar da aka buga bayan gasar rubutu da Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya a 1933. Ga Zariya nan kusa da ku, inda kamfanin buga littattafai na NNPC yake, kuma masu sayar da littattafan makaranta sukan ajiye su. Idan zama ya kankama sai ku shiga dogayen labarai. Garinku ma ai bai rasa marubuta ba, ga Anti Bilki Funtuwa da mata suka yi ta rububin littattafanta a shekarun 1990. Sharaɗi ɗaya dai: wadda za ta karanta ta riga ta duba shafukan a gida, don ba kowane littafi ake buɗe baki a karanta a gaban yara ba, musamman wasu da ake turawa ta waya yanzu.

Kuɗi kuwa, adashe za ku yi, abin da kowa za ta iya ba tare da ta taɓa kuɗin cefane ba. Bambancinsa da wanda kuka saba shi ne ba mai kwasa. Ƙarshen wata a sayi littafi, ya zama na ƙungiya.

Yanzu maganar aro, wadda ita ce ke kashe irin wannan zama. Masu shagunan hayar littafi na da sun san sirrin: ba sa ba da littafi sai sun rubuta. Ki sayi littafin rubutu, ki ja layi huɗu: sunan littafi, wadda ta ɗauka, ranar ɗauka, ranar dawowa. Ba mai ɗaukar na biyu sai ta dawo da na farko, ko da ke ce. Wadda ta ɓatar ta saya. Ki faɗi wannan tun ranar farko kowa na zaune, don idan kika bari sai abu ya faru, za a ce da wata kike. Littattafanmu da yawa kashi-kashi suke fitowa, na 1 da na 2 da na 3, kuma idan na 2 ya ɓata sauran sun tashi aiki. Ki haɗa su ki ɗinke da allura da zare mai kauri, ki yi musu bango da tsohuwar kalanda, ki rubuta lamba a ciki. A ajiye su a akwatin ƙarfe ko bokiti mai murfi, a ɗora bisa wani abu, saboda gara da ɓera da laimar damina.

Maigidanki yana da hujja, kada ki yi musu da shi. Ki nemi izininsa, ki faɗa masa rana da lokaci, misali Alhamis bayan La'asar, a tashi kafin Magariba. Ku kafa doka cewa mutanen cikin littafi kaɗai ake tattaunawa, ba a cewa wannan ai halin wance ne. Idan mahaifiyarsa ko yayarsa na kusa, ki gayyace ta ta zauna. Ina kyautata zaton zai saki jiki.

TAMBAYA: Gwaggo, na gama NCE ina zaune a Kano, gidanmu da hayaniya, ba inda zan zauna in yi karatu. An ce laburare na 'yan jami'a ne kawai. Haka ne? Daga wani ɗanki a Kurna.

AMSA: Ba haka ba ne, ɗana. Na jami'a daban, na jama'a daban. Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad da ke titin Ahmadu Bello na gwamnatin jiha ne, don kowa aka gina shi, kuma Laburaren Ƙasa ma yana da reshe a Kano. Ka tafi da katin shaida da hoton fasfo, ka tambayi yadda ake rajista a teburin shiga.

Ba zan ɓoye maka ba, ɗakunan karatun jama'a a ƙasar nan sun daɗe ba sa samun kuɗin sayen sababbin littattafai yadda ya kamata, abin kuma yana ci mini rai. Za ka tarar da tsofaffi da yawa. Amma a tarihi da adabi da addini, tsufan littafi ba aibu ba ne. Yawancin irin waɗannan ɗakuna da lambobi suke jera kaya: 200 addini, Musulunci a 297, adabi a 800, tarihi a 900, na Najeriya a 966.9. Ka duba ƙashin bayan littafi za ka ga lambar. Ƙamus da manyan kundaye a nan ake duba su, ba a fita da su. Ka gaida ma'aikacin da ke wurin, ka faɗa masa abin da kake nema, domin sau da yawa ya san inda littafin yake ko da ba a mayar da shi gurbinsa ba. Ka riƙe biro da takarda, ka sa wayarka a shiru, kuma ka yi sammako, don idan jarrabawar WAEC da JAMB ta matso kujeru da wuri suke cika.