An rubuta mana "incompatible" a takardar gwajin aure

Assalamu alaikum Anti. An sa ranar aurena bayan babbar sallah, har an kawo kayan sa rana. Muka je gwajin jini ni da shi, sakamako ya nuna dukkanmu AS ne. Ma'aikaciyar ta rubuta "incompatible" a ƙasan takardar, ta ce mu ga likita, amma layi ya yi tsawo muka tafi. Yanzu gwaggonsa na yawo a dangi wai Turancin na nufin jinina ne ba shi da kyau. Ƙawata kuma ta ce a'a, halinmu ne ba zai zo ɗaya ba. Shi kuwa ko kirana ya daina. Anti, ni ce mai matsalar?

Ƙanwarki daga Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba ke ba ce, gwaggo ta yi fassarar son rai. Wannan kalma sifa ce da ba ta hawa kan mutum ɗaya shi kaɗai, sai abu biyu da haɗuwarsu ba za ta yi kyau ba. "Compatible" na nufin masu dacewa da juna, "in" ɗin da ke farko kuma ita ke kore dacewar. Mai gyaran waya zai iya cewa caja incompatible ce da wayarki, alhali cajar lafiya lau take, wayar ma haka. Ƙawarki ta ɗan kusa, domin Turawa na faɗinta ga miji da matar da halinsu ya saɓa, sai dai ɗakin gwaji ba ya auna hali.

Amma ba zan ɓoye miki ba, abin da takardar ke faɗa mai nauyi ne. Mai AS lafiyayye ne, yana dai ɗauke da ƙwayar sikila. In biyu suka yi aure, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, wato ciwon sikila. Ki lura, kowane ciki. Mutane na ɗauka ɗa na huɗu ne kawai zai kamu, ba haka ba ne: ɗan fari na iya zuwa da shi, na biyu ma ya biyo. Irin wannan ne ya sa Kano ta wajabta gwajin kafin aure a 2024.

Kada ki jira kiransa, ƙila shi ma ruɗewa ya yi. Ki neme shi, ku sake gwajin a wani asibitin tunda akan samu kuskure, wannan karon ku jure layin ku ga likita. Ku tafi da babba ɗaya daga kowane gida, in so samu ne har da gwaggon, ta ji da kunnenta cewa ɗanta ma AS ne. In sakamakon bai canza ba, ni dai shawarata ku haƙura da juna, duk da na san da ciwo. Kayan sa rana iyaye sun san yadda ake mayarwa cikin mutunci, ki bar musu wannan.