Filin Likitan Dabbobi: Hantsar akuyata ta kumbura, ta hana 'ya'yanta sha

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Jar akuyata ta haifi tagwaye sati 3 da suka wuce. Shekaranjiya na ji 'ya'yan sai kuka suke, da sun kai baki sai ta sa ƙafa ta ture su. Da na duba, na tarar gefen dama na hantsarta ya kumbura, ya yi tauri, ga zafi rau. Maƙwabciyata ta ce kambun baka ne, har na shafa mata man kaɗanya da toka. Me zan yi? Kuma yarana za su iya shan nonon ɗaya gefen? Daga wata uwargida a Ɗambatta.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Ba bakin kowa ba ne, ciwon hantsa ne. Ƙwayoyin cuta ke shiga ta ƙofar kan nono, ko ta wani ɗan rauni: ƙaya, cizon kaska, ko haƙoran tagwayen da ke kokawa a kan nono biyu.

Ki samu baƙin faranti, ki tatsa kowane gefe a kai daban. Nonon gefen da ya kamu za ki gan shi tsararo kamar ruwa, ko da gudaji-gudaji, wani lokaci har da jini ko ruwa-ruwa mai launin ɗorawa. Ki wanke tokar nan, ki tsoma tsumma mai tsabta a ruwan ɗumi ki gasa mata, sannan ki tatse gefen ƙarƙaf sau 3 ko 4 a yini. Za ta yi gardama, a samu mai riƙe ta. Abin da aka tatso a zubar nesa da turke.

Amma gashin ruwan ɗumi kaɗai ba ya kashe cutar. Ki nemo ma'aikacin dabbobi yau ɗin nan, ya auna ta. Zafin jikin lafiyayyar akuya wajen digiri 39 ne, in ya haura 40 da rabi cutar ta fara bin jiki. Shi zai zaɓi allurar kashe ƙwayoyin cuta, irin su penisilin, da ta rage raɗaɗi. Roƙona ɗaya, a cika kwanakin da ya faɗa. Bara da damina an kira ni wani gida inda mai allurar kasuwa ya soka wa akuya allura guda ɗaya tak ya karɓi kuɗinsa. Kumburin ya ɗan lafa, masu gida suka saki jiki. Ko da na isa, gefen ya ƙandare kamar dutse, kuma har yau da nono ɗaya take shayarwa.

Ga abin da nake so ki riƙe da kyau. Muddin hantsar na da zafi, da sauran gyara. In kika taɓa kika ji ta yi sanyi ƙalau, fatar ta koma shuɗi-shuɗi ko baƙa, akuyar ta kwanta ta bar cin abinci, to naman wurin ya fara mutuwa, kuma irin wannan kan kashe akuya cikin kwana ɗaya ko biyu. Ko tsakar dare ne a buga waya.

Batun yara kuwa, a'a. Kada su sha, ko na gefen mai lafiya, har sai an gama allura kuma kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar sun cika, don maganin yana fita ta nono. Tafasawa ba ta raba nonon da maganin.

Ki leƙa bakin tagwayen ma. In akwai ƙuraje masu ɓawo a leɓensu, mai yiwuwa su suka shafa wa uwar, kuma ki sa leda a hannu kafin ki taɓa, don mutum ma yana ɗauka.

Don gaba: a share turke kullum, a zuba busasshen yashi, a cire kaska. In kina tatsa, ki wanke hannu, ki fara da masu lafiya, da kin gama ki zuba mata harawa, don ƙofar nonon kan ɗauki kamar rabin awa kafin ta rufe, gara tana tsaye da ta kwanta cikin kashi. A daina ɗaure kan nono da tsumma wajen yaye.

Tagwayen kuma gefe ɗaya ba zai ishe su ba. In akwai wata mai shayarwa a gidan, a riƙe ta safe da yamma su sha.